Motar Ubale Mai Ƙamshin Ƙosai

A garin Ƙofa ta ƙasar Bebeji an yi wani mutum ana ce da shi Ubale, wanda in dai magana ta shafi man mota, to ba za ta wuce ta gabansa bai tsoma baki ba. Asalin abin kuwa, ya taɓa ɗan zama a birnin Kano yana wanke motoci a bayan wani gidan mai. Ko damina bai ci a can ba aka sallame shi, amma tun da ya dawo ya naɗa wa kansa sarautar Injiniya. In ka ji shi yana bayani, sai ka rantse da hannunsa ya haƙa rijiyar man.

Wata rana da bazara, a shekarar nan da mai ya yi kwantai a kasuwar duniya, Ubale ya iso majalisar gindin darbejiya rungume da rediyonsa, yana tafe yana haki.

"Jama'a, ku miƙe ku yi murna, an gama!"

Shitu tela, taubashinsa, wanda ba ya barin maganar Ubale ta faɗi ƙasa bai taka ta ba, ya ɗago kai daga kan keken ɗinki. "Me aka gama, Injiniya? Tuwon gidanka?"

"Fetur aka gama da shi. Yanzu na ji da kunnena. Farashin mai ya faɗi warwas. Turawa sun ce sun ƙoshi. Jirage na can a kan teku cike maƙil, ana roƙon mutane su saya, ba mai ko ɗaga ido."

Baba Inuwa mai unguwa, wanda kunnensa ya fara nauyi, ya karkato. "Wane mai? Na shanu?"

"Na mota, Baba, Allah ya ƙara maka lafiya."

"Af. To ina ruwanmu, mu da kekenmu ma sai an ɗaure shi da kyauro?"

Ubale ya gyara zama, ya ajiye rediyo a cinya. "Wato Baba, abin a lissafe yake. Fetur shi ne tsabar hatsi, gas kuwa, wanda mu masana muke ce wa dizal, shi ne dusar. Tsaba ta rasa mai saye, ina ga dusa? Nan gaba kaɗan roƙon ka za a yi ka kwashe. Duk mai motar gas ya haye. Masu motar fetur kuwa ku bar su, kaji za su riƙa kwana a ciki."

"Kai wace iri gare ka?" in ji Shitu.

"Ka ba ni zuwa kasuwa mai zuwa."

Da ma Ubale ya faɗa ya manta kamar yadda ya saba, da an zauna lafiya. Sai wannan karon ya cika alkawari. Ranar kasuwa ya kwance shanun huɗarsa guda biyu, ga hadari ya fara leƙowa ta gabas, ya kora su. Matarsa Safara'u, wadda sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta biyo shi har bakin zaure.

"Malam, ina za ka kai su? Da me za a yi huɗa?"

"Huɗa ta tsufa, Safara'u. Bana haya zan riƙa ɗauka daga nan har Jos. Ke kanki kin kusa daina wannan wahalar ta turmi."

"Turmin nan dai shi yake sa mana miya."

"Za ki ga miya."

Ya sayar da shanu, ya zarce Kwanar Dangora, inda wani dillali ya nuna masa wata tsohuwar a-kori-kura mai shan gas da ke jingine a bayan shago. Launinta na asali Allah kaɗai ya sani. Da aka buɗe ƙofa, kaza ce ta fara fitowa, 'ya'yanta na biye. Ubale bai ga kazar ba, ko kuma ya gani ya kau da kai.

"Abu ɗaya zan faɗa maka," in ji dillali. "Irin wannan ba a kashe ta da makulli. Ka ga wannan wayar da ke ƙarƙashin sitiyari? Ita ake ja, a hankali."

"Ni za ka koya wa dizal?" in ji Ubale.

Da ɗan guntun gas ɗin da ke tankinta ya lallaɓo da ita gida, rabi tuƙi rabi turi. Tuƙin nasa ma na gidan wanki ne: ya iya giya ta ɗaya, ya iya ta biyu, sauran kuwa yana ganin ƙawa ce aka yi wa sandar. Washegari ya sa aka rubuta mata a baya da jan fenti: GAS NE GOBE.

Ana cikin haka sai ga saƙo daga Doguwa, Furera ƙanwar Safara'u ta haihu, namiji. Nan da nan Safara'u ta hau aiki. Ta soya gyaɗa, ta kai niƙa, ta yi ta matsa har hannunta ya yi kanta, ta cika garwa biyu da mai garai-garai, na suyar ragon suna da waina. Ta aika wa ƙanwarta cewa kada a sayi ko ludayi ɗaya na mai, wannan nata ne.

Ubale kuwa ya tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar ya yi shela. "Duk mai zuwa suna Doguwa, kyauta ne! Kada wanda ya je tasha. Motar gas ba ta karɓar kuɗin 'yan'uwa."

Ana gobe suna ya tafi gidan mai na Kwanar Dangora da jarka a bayan keken aro. Ya tarar da mai sayarwa, wani ƙato mai riga duk maiƙo, yana gyangyaɗi.

"Gas za ka cika mini. An fara bayarwa kyauta, ko har yanzu kuna karɓar ɗan na goro?"

Mutumin ya buɗe ido ɗaya ya faɗi farashi. Ubale ya ji kamar an mare shi.

"Kai, wancan watan ma ai bai kai haka ba!"

"Ƙari aka yi."

"Ƙari? Kai ba ka sauraren rediyo ne? Mai ya faɗi a duniya!"

"A duniya ka ce. Nan Kwanar Dangora ne."

"Labarin ne bai iso ku ba. Daga Legas zai taso, yana hanya."

"To in ya iso ku zo tare. Ko kuma ka kai jarkar wajen rediyon ya zuba maka."

Ubale ya juyo da jarka ba ko ɗigo. Ɗan abin da ya rage masa na kuɗin shanu zai iya kai su, amma yaya za a yi a ji Injiniya ya sayi gas da tsada, bayan duk garin ya ji shi yana rantsuwa? Yana taka keke yana saƙa da warwara, sai ya tuna wani bakanike a Kano ya taɓa cewa injin gas ba shi da tsirfa, kamar akuya yake, abin da ka ba shi zai ci in dai da maiƙo.

Ya shigo gida ya tarar Safara'u ta tafi kitso. Ga garwa biyu a jere a bakin ɗaki, an toshe bakinsu da leda da tsumma. Ya dube su, ya dubi ƙofa, ya sake duban su.

"Ai aro ne," ya ce wa kansa. "Farashi na isowa zan mayar mata da huɗu."

Ya kinkime su zuwa bayan gida, ya kafa mazurari, ya ɗura wa mota man gyaɗa sai da ta kusa yin amai. Ya ƙara mata kananzir ɗin fitila don ya tsinka shi. Ya leƙa wurin man birki ya ga ya yi ƙasa, ya ce ai mai mai ne, ya tsiyaya masa shi ma. A kowace garwa ya rage ɗan kaɗan, ya cike sauran da ruwan rijiya. Man ya taso ya kwanta a sama, ko wa ya leƙa sai ya ce tsantsa ne. Ubale ya daɗe yana kallon aikinsa yana jinjina wa kansa. In sun isa, a shirinsa, zai ce gargadar hanya ce ta ɓata man.

Da sassafe jama'a suka hallara. Baba Inuwa da Shitu a gaba, mata a baya da ƙullin kayansu, Safara'u ta zauna tsakanin garwarta biyu, ta jingina da buhun ƙuli-ƙuli. Ubale ya fito cikin babbar riga da baƙin tabarau, ya murɗa makulli. Mota ta ce ƙyat. Ya sake. Ta ce ƙyat.

"Barci take," in ji Shitu.

"Dizal ba ta son gaggawa. Jama'a, a ɗan taɓa ta."

Aka sauko aka taɓa ta. Aka taɓa ta har bakin masallaci, aka taɓa ta har makabarta, aka taɓa ta har gangaren rafi, mata na turi da mayafi ɗaure a ƙugu. Can ta yi tari, ta yi atishawa, ta saki wani hayaƙi shuɗi da ya rufe rabin unguwa, ta kama. Aka bi ta da gudu ana hawa.

Da hayaƙi ya lafa sai kowa ya fara buɗa hanci.

"Wa ke suya da sassafen nan?" in ji Baba Inuwa.

"Ƙosai ne," in ji Shitu. "Kuma ba daga gari yake ba, daga ƙarƙashinmu yake."

"Haka dizal na asali yake," in ji Ubale, idonsa a kan hanya. "Na Turai ke nan. Wanda kuka saba ji mai wari gauraye ne."

Kafin su fita gari karnukan Ƙofa sun jeru a bayansu, har da wani gurgu da rabonsa da gudu an manta. A Kwanar Dangora, da suka karya za su ɗauki hanyar Tudun Wada, 'yan tasha suka taso da kwanuka suna bin mota. "Mai ƙosai, tsaya! A ba ni mai zafi!" Wata dattijuwa da ke suya a bakin titi ta ga masu sayenta sun watse sun bi hayaƙi, ta miƙe da matsami a hannu tana aika musu da baƙar magana. Ƙaton nan mai sayar da gas ya leƙo daga gidan mai.

"Injiniya! Farashin ya iso ke nan?"

Ubale ya danna masa hon, hon ɗin ya yi kukan tunkiya mai mura.

Ba su yi nisa ba aka ƙwanƙwasa gilashin baya. Safara'u ce, ta kara fuskarta.

"Malam! Wannan ƙamshin na san shi."

"Ƙamshi ai duk ɗaya ne!"

"A'a. Wannan gyaɗar an ɗan bar ta ta yi ja kafin a sauke. Ni kaɗai nake haka a Ƙofa."

"To Turawa sun kwaikwaye ki! Ki leƙa garwarki mana."

Ta zare tsumma ta leƙa. Ga mai nan yana ƙyalli har baki. Ta mayar ta toshe, amma ba ta daina shinshina iska ba, kuma duk lokacin da Ubale ya dubi madubi sai ya ga idonta a kan ƙeyarsa.

Tafiya dai ta giya biyu, sai rana ta take suka wuce Tudun Wada. Raɗin suna kam tuni an yi babu su. Da suka shiga dajin Falgore hanya ta fara hawa, mota ta koma rarrafe. Wani Bafulatani a kan keke, sanda a kafaɗa, ya iso su, ya jera da tagar direba ba tare da ya ƙara taki ba.

"Sannunku da hanya. Lafiya motar take?"

"Lafiya lau," in ji Ubale. "Ajiyar ƙarfi take."

"To madalla. Akwai saƙon da zan kai muku gaba? Na ga zan riga ku."

"Ka ce da mutanen Doguwa su ajiye mana tuwon arba'in," in ji Shitu.

Bafulatani ya yi gaba, ya ɓace a kwana.

A tsakiyar daji karnuka suka sare suka koma. Waɗanda suka karɓe su sun fi su iya aiki. Gwaggon birai ne, garke guda, zaune a gefen titi kamar masu jiran mota. Babbansu ya ɗaga hanci, ya dubi 'yan'uwansa, ya taho a natse ya kama ƙarfen baya ya hau. Mata suka sa salati. Wani ya bi ta kan bonet ya zauna yana leƙen Ubale ta gilashi, wani ya zura hannu ta taga ya cire hular Shitu ya gwada. Babban ya kama buhun ƙuli-ƙuli, Safara'u ta kama ɗaya gefen, ana ja tana ja, har buhu ya yage.

"Injiniya, ƙara wuta!" in ji Shitu, hannu a kan sanƙonsa. "Sa giya ta uku!"

Ubale bai taɓa zuwa can ba, amma yau ta kama. Ya taka, ya damƙi sandar giya ya fizga da iyakar ƙarfinsa. Sanda ta taho gaba ɗayanta a hannunsa, har da saiwarta.

Baba Inuwa ya dube ta da kyau. "Ɗan nan, wannan kuma ta mece ce?"

"Ta korar birai ce, Baba. Haka ake yin motar gas. Shitu, riƙe."

Da sandar giya Shitu ya kori na kan bonet. Sauran suka bi ƙuli-ƙulin da ya watse a titi, aka rabu. Mota kuwa ta maƙale a giya biyu, ba halin canzawa. Da aka fara gangara Ubale ya taka birki, ƙafarsa ta tafi sululu har ƙasa kamar ya taka kunu. Ya sake takawa. Kunu. Gumi ya fara bin tabarau. Allah ya taimake su giyar ta riƙe motar, ta ci gaba da tafiyarta ta jakin da ya ƙoshi.

Bayan azahar suka shiga Doguwa. A dandalin ƙofar gidan Bala, mijin Furera, an shimfiɗa tabarmi, maza sun cika, ga Bafulatanin nan ma a zaune har ya ci ya wanke hannu. A cikin gida an yanka nama an tara, an ɗora kasko tun ɗazu, ana jiran man Safara'u.

Ubale ya gyara tabarau, ya fito da gwiwar hannu ta taga don a gan shi da kyau. Ya murɗa makulli ya zare. Mota ba ta san an yi ba. Ya tuna da waya, ya laluba ya fizge ta. Waya ta biyo shi, tsawon kamu guda, ya ajiye wa Shitu a cinya.

"Saura sitiyari," in ji Shitu. "In ka cire shi ma ka ba ni, sai in haɗa tawa motar."

"Ku ba da hanya!" Ubale ya ƙwala ihu.

Maza suka watse, kowa ya suri tabarmarsa, takalma suka rage a fili. A tsakiyar dandalin akwai wata tsamiya. Ubale ya karya sitiyari ya zagaye ta. Da ya dawo inda ya fara bai ga abin yi ba, sai ya sake zagayewa.

Bala ya biyo su da sassarfa. "Yaya Ubale, sannunku da zuwa! Ku tsaya mana!"

"Tana hucewa ne! Dizal ba a tsayar da ita farat ɗaya!"

Baba Inuwa, wanda bai ga dalilin da zai sa a fasa gaisuwa ba, ya leƙo ta taga daidai lokacin da suka zo saitin dattawa. "Salamu alaikum!" Mota ta wuce da shi. Da aka zagayo ya ce, "Barkanmu da arziki!" Aka sake zagayowa. "Ina mai jego?" Dattawan Doguwa, mutanen kirki, suka jeru suna jiran sa, in ya iso su amsa baki ɗaya, "Lafiya lau, Alhamdu lillahi!" kafin hayaƙi ya rufe su.

"Me aka sa wa yaron?"

"Isa!"

"Wa?"

Sai da aka yi wani zagayen. "ISA!"

"Allah ya raya!"

A baya kuwa an fara sauke kaya. Duk zagaye sai a miƙa ƙulli ɗaya, samari su cafe. Safara'u ta miƙa garwa ta farko, ta miƙa ta biyu, aka ruga da su cikin gida. Sannan mata suka riƙa dirowa ɗaya bayan ɗaya, ana tare su. Shitu ya buɗe ƙofa ya fice da sandar giya a hannu. Baba Inuwa ya ce shi girmansa ya wuce tsalle, a bar shi sai an isa.

Yara sun cika dandali suna bin mota suna waƙar mai ƙosai. Ubale ya ga taro ya samu, sai ya leƙo yana jawabi, kowane zagaye da guntunsa. "Jama'ar Doguwa, ku shaida! Daga Ƙofa har nan, ko gidan mai ɗaya ban tsaya ba!"

"A nan ma ai ba ka tsaya ba!" wani ya amsa.

Sai aka ji ƙara daga cikin gida, tas-tas-tas, fuuu, kamar an watsa wa maƙera ruwa. Tururi ya tashi sama da katanga, mata suka ɓarke da salati, kaji suka yo waje. Sannan Safara'u ta fito daga zaure, mayafi a ƙugu, muciya a hannun dama, garwa a hagu, matan gidan suna reras a bayanta. Ta tsaya a gaban jama'a ta karkata garwar. Ruwa ya zubo, fari tas, ya bi ƙasa.

"Malam," ta ce, da mota ta zo saitinta, "ina maina?"

Ubale ya wuce. Bai taɓa jin daɗin rashin birki ba sai a wannan lokacin.

"Ina maina?" ta sake cewa da ya dawo.

"Gargadar hanya ce! Mai in ya sha jijjiga yakan tsinke!"

"Ya tsinke ya zama ruwan rijiyar gidanmu, har da ɗan kwaɗo?"

Shitu ya durƙusa ya shinshina hayaƙin salansa, ya miƙe ya share hawayen dariya. "Safara'u, kwantar da hankalinki, manki bai ɓata ba. Ga shi nan yana zagaya tsamiya."

Dandali ya ɗauka. Wani tsoho dariya ta kayar da shi daga kan turmi. Matan gida kuwa ba mai dariya, ga nama a tare, ga baƙi tun safe ba su ga suya ba. Safara'u ba ta bi mota ba. Ta sa aka kawo mata kujera 'yar tsugunno, ta zauna a bakin da'irar, ta ɗora muciya a cinya.

"Na san yawan abin da na matsa," ta ce. "Zai ƙare."

Ubale, wanda ɗazu yake roƙon Allah mota ta mutu, yanzu ya koma roƙon ta yi tsawon rai. Yana shafa sitiyari yana lallashin ta. Baba Inuwa ya gama gaisuwa kaf, har ya tambayi lafiyar dabbobi, ya jingina ya fara gyangyaɗi. Can mota ta yi tari. Ta yi shaƙuwa. Ubale ya ga in ta mutu a nan, a gaban muciya za ta mutu, sai ya saki da'ira ya miƙe da ita. Abin da ke gabansa tsibin taki ne da Bala ya tara zai kai gona. Ta hau shi har wuya, ta yi wata doguwar ajiyar zuciya mai ƙamshin waina, ta yi shiru.

Baba Inuwa ya farka. "Mun iso?"

Ubale ya fito, takin ya kama shi har gwiwa. Ya cire tabarau. Safara'u ta ƙaraso a hankali, jama'a na buɗa mata hanya. Ba ta ɗaga muciyar ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Na aika wa ƙanwata kada ta sayi mai. A gaban dangin mijinta na zuba ruwa a kasko. Ga garwa. Kada in sake ganin fuskarka sai tana cike, kuma ni zan ɗanɗana da kaina, daga ƙasa."

"Ai da ma niyyata ke nan," in ji Ubale. "Gwaji ne kawai na yi, kuma kowa ya ga..."

"Garwa," in ji Safara'u.

Ya ɗauka. Shitu ya ce zai raka shi, wai don kada ya haɗu da wata motar a hanya tausayi ya kama shi. Aka kwatanta musu gidan wata tsohuwa mai sayar da man gyaɗa a bayan kasuwa. Suka yi sallama, ta fito zaure, ta dubi ƙafafun Ubale, ta toshe hanci, ta faɗi farashi.

Ubale ya yi baya. "Haba Iya! Ko a birni ai ba a sayar da shi haka!"

"Da safe ba haka yake ba, ɗana. Yanzu ya tashi. Ba ka ji ba? Wai wani mahaukaci ya zo daga ƙasar Bebeji da mota mai shan man gyaɗa. In motoci suka fara sha, mu kuma ai kakarmu ta yanke saƙa. Duk masu mai na garin nan mun ƙara."

Shitu ya taka masa ƙafa, ya girgiza masa kai. Ubale ya haɗiye, ya sake haɗiyewa, abin ya ƙi wucewa.

"Iya, ba mahaukaci ba ne. Injiniya ne. Kuma gaba gare ki yake tsaye."

Tsohuwa ta ƙare masa kallo daga hula har taki. "Kai ne mai motar?"

"Ni ne."

"To ai sai ka faɗa tun farko. Wancan farashin na masu suya ne. Na mota daban."

Sai da ya zazzage ragowar kuɗin shanu kaf, ya ɗora agogonsa a kai, ya ƙara da baƙin tabarau, sannan ta cika garwa ɗaya. Shitu ya taya shi ya ɗora a ka. Suka kamo hanya, mai na ɗiga masa a wuyan babbar riga, yaran gari na biye. Da suka yi nisa, sai Ubale ya yi gyaran murya.

"Shitu, ka dai shaida. Duk duniya an taru ana neman yadda za a tashi farashin mai an kasa. Ni a wuni ɗaya na tashe shi."

"Na shaida, Injiniya," in ji Shitu. "Amma mu bi ta bayan gida. Kada motar ta hango garwar."